Kai da AI ɗinka, zo ka ji

Ka aiko min saƙo wai ko za mu riƙa ba wa AI, na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira, kontaran, wato takardun yarjejeniya, da abokan ciniki ke kawo mana ya gwada shi da ƙa'idojin kamfaninmu. Da ba zan tanka ba, don ku yaran yanzu ko lissafin buhu goma sai kun zaro waya, amma ka fama min tsohon gyambo.

A 2019 na yi yarjejeniyar wake da wani mutum na Nijeriya, ba zan kama sunansa ba, Allah ya isa dai. Shi ya zo da takardarsa da Ingilishi, shafi tara, muka zauna a shagona nan Damagaram bayan kasuwar Dole ana shan shayi yana ta Alhaji kaza Alhaji kaza, ni kuma na duba farashi na duba yawan buhu na sa hannu na buga hatimi, ina ganin shekara talatin ina wannan sana'a wa zai cuce ni. Watan Agusta Nijeriya ta rufe iyaka. Motocina biyu suka tsaya bayan Matamai, wake na cikin rana, ƙwari suka shiga, in ka damƙi hannu guda gari ne ke zubowa. Na kira shi na ce ai ka ga abin da gwamnatinku ta yi, ya ce duba shafi na bakwai. Ashe kowane mako na jinkiri akwai tara a kaina, babu ko layi ɗaya da ya ce in hukuma ta rufe hanya ba laifin kowa, biya kuma da naira ne ba sefa ba, shari'a in ta taso a kotun garinsu. Na je wajen aboka, wato lauya, ya ce min Alhaji dokar OHADA, ta kasuwanci da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, da kake taƙama da ita Nijeriya ba ta ciki. Iyakar nan sai Disamba 2020 aka buɗe. Gidana na Birni a nan ya tafi.

To na'urar taka da ta kama tarar nan, wannan na yarda, ba ta gajiya ba ta jin kunyar baƙo, Faransanci da Ingilishi duk ɗaya ne a wajenta. Amma da tiyar da ka miƙa mata take awo. Ƙa'idojinmu har yau a kaina suke, sai ka zauna ka rubuta su tukuna: sefa kawai, rabin kuɗi kafin a loda, kotun Damagaram, rufe iyaka ba laifinmu ba. Sannan ka tambaye ta abin da BABU a takardar, don shi ya fi kashe ni.

Sauran ba sai na koya maka ba, in ba ka san a goge suna da adadin kuɗi kafin a loda takardar mutane a intanet ba to koma ɗaukar buhu. In ta ce maka doka lamba kaza ta ce kaza, kar ka kawo min sai aboka ya gani, tana ƙirƙiro ƙarya ba ko ƙifta ido. Sa hannu kuwa nawa ne. Gobe bayan azahar ka zo da takarda da biro.