Tambaya da Amsa: Shin Barkwanci Sana'a Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya kammala sakandare, ba ya da magana sai ta wani Trevor Noah, wai shi ma so yake ya hau dandali ya riƙa ba mutane dariya. Wane ne wannan mutumin, kuma ana cin abinci da irin wannan? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ana ci, har ana tara dukiya, amma bari in ba ki tarihin mutumin ki auna da kanki.

An haifi Trevor Noah ranar 20 ga Fabrairu, 1984, a Johannesburg ta Afirka ta Kudu. Mahaifiyarsa Patricia baƙar fata ce 'yar ƙabilar Xhosa, mahaifinsa Bature ne ɗan Suwizalan. A lokacin dokar wariyar launin fata ta haramta tarayya tsakanin fari da baƙi, sai a 1985 aka soke wannan haramcin. Shi ya sa ya sa wa littafinsa na 2016 suna Born a Crime, wato haihuwarsa ma laifi ce. Yana ƙarami, in sun fita titi mahaifiyar kan saki hannunsa idan ta hango 'yan sanda, a Soweto kuwa, unguwar baƙaƙen fata da ke gefen Johannesburg, kakarsa kulle shi take yi a gida kada a gan shi.

Abin da nake so ɗanki ya lura da shi shi ne harshe. Yaron da ba fari ba, ba baƙi ba, ya rasa inda zai tsaya, sai ya koyi Zulu da Xhosa da Sotho da Tswana da Afirkans, ban da Turanci. Ya iya kwaikwayon karin maganar kowa, kuma da wannan yake kashe mutane da dariya har yau. Mu ma a nan mun san 'yan kama da 'yan gambara. Wanda ya fi iya kwaikwayon mutane shi ke tara taro a kasuwa.

Kafin ya yi suna ya sayar da faifan waƙoƙin da ya kwafa, ya yi kiɗan biki, ya yi aiki a gidan rediyon YFM. A 2009 tsohon mijin mahaifiyarsa, wanda ba shi ya haife shi ba, ya harbe ta a ka, Allah ya yi da sauran kwananta. Ya koma Amurka a 2011, a 2012 ya zama ɗan Afirka ta Kudu na farko da ya yi barkwanci a shirin talabijin na Jay Leno, wani shahararren ɗan barkwancin Amurka. A watan Satumba na 2015 ya gaji Jon Stewart a matsayin mai gabatar da The Daily Show, wani shirin barkwanci na talabijin da ake yi a Niyok, ya riƙe shi har Disamba 2022. Tun 2021 kuma ya sha jagorantar bikin Grammy, na karrama mawaƙa a Amurka.

To Hajiya, ni dai ba zan ce ki hana shi ba. Ki ce ya ci gaba da karatu, ya riƙa rubuta barkwancinsa a littafi, ya gwada a bikin 'yan'uwa ko taron makaranta. Amma ki ja masa kunne a kan addini da ƙabila da iyayen mutane, don dandalinmu ba na Niyok ba ne. In baƙi sun yi dariya, ba ƙannensa kaɗai ba, ki sake rubuto mini.