Tambaya da Amsa: Fitilar LED ɗin shagona tana zafi kuma tana ƙiftawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni mai shagon aski ne a Zariya. Na sayo fitilar LED irin mai kama da salatif ɗin nan naɗi biyu, kowanne mita 5, an rubuta 5050 da 12V a jikin ledar, na haɗa su baki da baki na zagaye madubi da silin da kaina. Adaftar da na saka 5A ce. To wallahi ko rabin awa ba a yi sai adaftar ta ɗau zafin da ba ka iya riƙe ta, wutar ta fara ƙiftawa, can ƙarshen kuma hasken ya dushe ya koma ruwan ɗorawa, ga gam ɗin yana ta saki. In NEPA sun ɗauke nakan jona ta kai tsaye a batirin sola. Ko jabu aka sayar min?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai don Allah ka zare adaftar nan yau ɗin nan, kar ka sake barin ta a jone ka rufe shago, wannan zafin ba abin wasa ba ne.

Ni ban ga alamar jabu ba, kaya ka ɗora wa adaftar fiye da ƙarfinta. Irin 5050 mai ƙwai 60 a kowace mita tana shan wajen wat 14.4 a mita ɗaya, mita 10 ke nan wat 144, in ka raba da 12V ɗin da aka rubuta a ledar zai ba ka 12A, wato yawan wutar da take ja, kai kuma taka 5A ce wato wat 60 kacal, ko rabi ba ta kai ba. Ƙiftawar da kake gani ita ce take yanke kanta saboda nauyi ta huta ta sake tashi, wadda ba ta da wannan kariyar ma da tuni ta narke. Nemi ta 15A, irin mai gidan ƙarfe da ramuka, saboda ana so a bar rara kamar kashi 20 cikin 100. Ka ɗaure ta inda iska ke shiga, ba cikin silin ba, kuma a rufe bakin da wutar NEPA ke shiga, yara na zuwa aski.

Amma ko ka canza adafta ƙarshen nan ba zai yi haske ba in dai haɗin baki da bakin yana nan. Ɗan siririn jan ƙarfen da ke cikin fitilar shi ke ɗaukar wutar mita goman gaba ɗaya, shi ya sa farkon ke zafi ƙarshen kuma wutar ta gaji kafin ta isa. Raba su. Kowane naɗi ka ja masa tasa wayar daga adafta, mai kauri kamar 1.5mm, ba 'yar wayar caja ba, kuma ka like da dalma, murɗa waya da hannu a naɗe da salatif shi kansa wurin zafi ne.

Maganar batir ita ta fi damuna gaskiya. Batirin da ake ce wa 12V in rana tana caja yakan haura 14V, fitilar nan kuwa ƙwai uku-uku aka jera da ɗan abin rage wuta, ƙarin 2V kaɗai zai sa ta zuƙi wuta sosai, za ka ga haske ya ƙaru ka ji daɗi alhali ƙonewa take a hankali. Saka 'yar na'urar da ke tsayar da wuta a 12V tsakaninsu, da fis kusa da batirin.

Gam kuma zafi ne ya ci shi, katako ba ya jan zafi, balle a watan Afrilu. Manna ta a kan siririn alminiyam, ka goge ƙura tukuna. In akwai ragowar da ka bari a naɗe a bayan madubi yanke ta daidai inda aka zana almakashi, kar ka kunna ta a naɗe.