Hutu a Ƙaramin Garin Bakin Teku: Amsoshin Tambayoyinku

Ni da maigidana za mu yi hutun mako guda a wani ƙaramin gari na gaɓar teku. Ɗakin da ke kallon ruwa ya fi na cikin gari tsada nesa ba kusa ba. Ya cancanci ƙarin kuɗin? Kuma wane lokaci ya fi dacewa mu je? — Wata amarya

Amarya, Allah ya sanya alheri. In don ta ni ne, ku kama na cikin gari. Ƙaramin gari sunansa ƙarami, duk inda kuka sauka 'yar tafiya ce a ƙafa ta kai ku bakin ruwa, kuma yawancin wunin a waje za ku yi shi, ba a jikin taga ba. Ga shi layin da ke fuskantar teku shi ya fi hayaniya da dare, ɗakunansa kuma sun fi danshi saboda iskar gishiri.

In kuwa zuciyarki ta nace, to ki lura da kalmomin talla. "Kusa da teku" daban, "ana hango teku" daban, "a bakin teku" daban. Na tsakiyan nan shi ya fi yaudara, don wani lokaci sai kin leƙa ta gefen baranda sannan ki ga ɗan shuɗi tsakanin gini biyu. Ki ce a turo miki hoton da aka ɗauka daga tagar ainihin ɗakin da za a ba ku. Ki kuma tambayi abubuwan da babban birni ya saba ɓoye wa mutum muhimmancinsu: ina asibiti mafi kusa, ƙarfe nawa motar ƙarshe ke barin garin, ana karɓar kati ko sai tsabar kuɗi, kuma in kun fasa zuwa nawa za a mayar muku.

Batun lokaci kuma, teku ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa. Shi ya sa a ƙasashen arewacin duniya ruwa ya fi ɗumi a ƙarshen Agusta da farkon Satumba, lokacin da jama'a suka fara watsewa, masu masauki suka fara sassautawa. A kudancin duniya lissafin ya juya, lokacin zafinsu Disamba ne zuwa Fabrairu. A yankuna masu zafi damina da guguwa za ki duba, misali kakar mahaukaciyar guguwa a Tekun Atlantika daga 1 ga Yuni take zuwa 30 ga Nuwamba. Sai dai kada neman sauƙi ya kai ku can bayan lokacin zuwan baƙi ya wuce, domin irin waɗannan garuruwa rabin shagunansu rufewa suke yi, masu ceto ma su naɗe tutocinsu su tafi.

Ina da yara uku, babban shekararsa tara, kuma babu wanda ya iya iyo a cikinmu, har ni. Ina so in saya musu tayar roba da ake hurawa da 'yar katifar nan mai yawo a kan ruwa. Wacce ta fi ƙarko? — Wani magidanci

Malam, ba ƙarkonsu ne damuwata ba. Kada ka sayi ko ɗaya in teku za ka kai su. Kayan wasan tafkin otal ne, inda ruwa ke tsaye kuma bango ya kewaye shi. A teku, da zarar iska ta taso daga tudu tana busawa zuwa ruwa, sai ta tura katifar nan da yaron da ke kanta, kafin ka ankara sun yi nisan da ba ka isa ka cim musu ba. Abin haushin shi ne a irin wannan iskar ce fuskar ruwa ke kwanciya luf, har uba ya saki jiki.

Kuɗin nan ka zuba su a rigar ceto ta gaske, wadda aka rubuta nauyin yaron da za ta iya ɗauka a jikinta, mai maɗauri da ke ratsawa ta tsakanin ƙafafu. Ka gwada ta tun a shago: ka ɗaure, ka kama kafaɗun rigar ka ja sama. In ta haura har kunnuwansa, ta yi masa yawa. Wannan ba rigar makaranta ba ce da za a ce a sayi babba zai girma a ciki.

Abin da ya fi kowace sayayya kuwa shi ne zaɓen gaɓar da za ku je. Ƙananan garuruwa da yawa ba su da masu ceto, ko kuma sai a wasu watanni, don haka ka tambaya tun kafin ka biya kuɗin masauki. A tsarin tutoci da ƙasashe da dama ke bi, tsakanin tutoci biyu masu rabi ja rabi rawaya nan ne ake sa ido a kan masu wanka, jar tuta zalla kuma tana nufin haɗari, kada a shiga. Akwai kuma shuɗiyar tutar Blue Flag, shirin da ya samo asali a Faransa a 1985, wadda ake ba gaɓar da ta cika sharuɗɗan tsabtar ruwa da tsaro, kuma duk shekara ake sabunta ta.

Sai ka san babban makashin, wato igiyar da ke jan mutum zuwa cikin teku. Ruwan da raƙuman ruwa suka tara a bakin gaɓa dole ya koma, sai ya sami wata 'yar kafa tsakanin tudun yashi ya kwarara ta nan da ƙarfi, wani lokaci gudunsa ya wuce mita 2 a daƙiƙa, abin da ko gwanin iyo na duniya ba ya kamowa. Yadda ake gane ta: wuri ne da ya fi kewayensa duhu, raƙuman ruwa ba sa fashewa a kansa, ga kumfa ko tarkace na tafiya ciki maimakon fitowa. Baƙo kuwa nan yake zaɓa, don nan ne ya ga ruwa a natse. Ba ta danna mutum ƙasa, nesanta shi take yi da tudu, gajiyar kokawa da ita ce ke kashewa. Wanda ta kama ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ya yi kira, in ya iya iyo ya bi gefe, tsawon gaɓar, har ya fita daga cikinta. Kai kuma da ke tudu, kada ka faɗa ruwa da sunan ceto. Ka kira masu ceto, ka jefa abin da ba ya nutsewa.

Ka duba jadawalin cika da janyewar teku na garin. A mafi yawan gaɓoɓi sau biyu ruwa ke cika, sau biyu ya janye a cikin kamar awa 24 da minti 50, ke nan kullum lokacin yana yin jinkiri da kusan minti 50, kuma ya fi tumbatsa a sabon wata da tsakiyarsa. Lungun duwatsun da kuka shiga a ƙafa da hantsi, da la'asar yana iya zama ba mafita. Yara kuma kada su wuce inda hannunka zai kai, kuma ruwa kada ya haura gwiwarsu.

Baƙar fata ce da ni. Sayen man kariya daga rana ba asarar kuɗi ba ne? — Wata ɗaliba

A'a, 'yar'uwa. Duhun fata kariya ce, amma ba cikakkiya ba, kuma bakin teku rana biyu ce: ta sama, da wadda yashi da kumfar ruwa ke maido miki. Gajimare mai sauƙi ma ba ya tare mafi yawan hasken da ke ƙona fata. Abin da ba sai kin yi ba shi ne bin mafi tsada. Mai lamba SPF 30 (SPF ma'aunin ƙarfin kariyar man ne) yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na hasken UVB, wato wanda ke ƙona fata, mai 50 kusan kashi 98. Bambancin gaske yana wajen shafawa: a shafa da yawa, a maimaita duk awa biyu da kuma bayan fitowa daga ruwa. Ki nemi wanda aka rubuta yana kare UVA ma, wato ɗaya nau'in hasken rana mai cutar da fata. Masu sinadarin zinc kan bar fari-fari a fata mai duhu, don haka ki gwada a bayan hannunki kafin ki biya. In inda za ki akwai murjani a cikin teku, ki karanta jikin kwalbar, domin jihar Hawaii ta Amurka ta hana sayar da masu sinadaran oxybenzone da octinoxate tun 2021 don kare murjani. Malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu mai alamar UPF 50 (ma'aunin kariyar tufa daga rana) sun fi kowane mai arha a ƙarshe, tunda ba sa ƙarewa. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ki nemi inuwa.

An ce wayata ruwa ba ya shigarta. Sai na sayi jakar kariya kuma? — Wani matashi

Saya. Alamar jure ruwa ta IP68 da kake taƙama da ita a ruwan daɗi aka gwada ta, ba a ruwan da kowace lita ke ɗauke da gishiri kusan giram 35 ba. Gishirin nan cin ƙarfen wurin caji yake yi, kuma yawancin kamfanoni ba sa karɓar wayar da ruwa ya lalata a ƙarƙashin garanti. Kafin ka amince da jakar, sa takarda a ciki, rufe, ka nutsa ta a bokiti na rabin awa ka ga ko ta jiƙe.