Amsa: Bikin da ake yi wa shanu kwalliya a Indiya

Malam, ka tambaya a kan bidiyon da ka gani ana fentin ƙahonin shanu, ko wane biki ne, kuma me ya sa ake yi. Bisa yadda ka kwatanta, Mattu Pongal ne, na jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya. Shi ne rana ta uku a bikin girbi na kwana huɗu da ake kira Pongal, a tsakiyar Janairu. Kalmar mattu a harshen Tamil shanu take nufi.

Da sassafe ake yi musu wanka, a shafa wa ƙahoni launi, a rataya musu furanni da ƙararrawa a wuya. Sai a dafa shinkafa da madara da mazarƙwaila a ba su su ci, haɗe da rake da ayaba. Ranar ba noma, ba jan amalanke. Wannan ɓangaren ya fi taɓa ni, domin manomi ne ke gode wa dabbar da ta yi masa huɗa shekara guda.

Amma ba godiya kaɗai ba ce, akwai ibada a ciki. Mabiya Hindu suna ɗaukar saniya uwa mai tsarki, kuma a addininsu Krishna, ɗaya daga cikin waɗanda suke bauta wa, ya tashi yana kiwon shanu.

A kwanakin ne kuma ake wasan kama bijimi, Jallikattu, musamman a yankin Madurai da ke jihar Tamil Nadu. Kotun Ƙolin Indiya ta hana shi a 2014, zanga-zanga ta sa jihar ta dawo da shi a 2017.