Jariri ma yana sallama, a amsa masa

Assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru a wannan satin kusan duk na masu jego ne da danginsu, kamar an haɗa baki. Na ɗauki biyar. Waɗanda suka tambayi zancen haƙori da ƙyanda su yi mini haƙuri sai mun sake haɗuwa.

Likita, barka da aiki. Haihuwata ta fari ce, yau kwanan yaron 25, ina gidanmu ina wankan jego. A asibiti an ce in riƙa yi masa magana da wasa. To ni kunya nake ji, ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa. Ranar da goggona ta ji ina yi masa magana, tsokanata aka yi ta yi har dare. Wai yaron da bai san komai ba me zai fahimta? Daga wata mai jego a Gwammaja.

Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Amma 'yar'uwa, ki daina cewa bai san komai ba. Ya san muryarki tun kafin ki ga fuskarsa, domin a watanni ukun ƙarshe na ciki ɗan tayi yana jin sauti, kuma muryar da ta fi isa kunnensa ita ce taki. Ya san ƙamshin nononki. Idonsa ne dai bai gama nuna ba: abin da yake gani da kyau shi ne wanda ke tsakanin santimita 20 zuwa 30 daga fuskarsa, wato taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Ki auna daga ƙirjinki zuwa fuskarki lokacin da kike ba shi nono, za ki ga daidai nisan ke nan. Kuma duk cikin abin da ke ɗakin, fuskar mutum ya fi son kallo.

Ƙwaƙwalwar jariri sabon haihuwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu ce ta babba, kafin ya shekara kuma ta ninka girmanta. Nono yana ciyar da ita, amma hanyoyin da ke haɗa ƙwayoyinta da juna sai an yi ta bin su suke ƙarfi, wadda ba a bi kuwa takan shafe. Abin da ya fi bin hanyoyin nan shi ne amsawa. Ya yi ɗan gurnani, ki ce "na'am, me aka yi?" Ya buɗe baki, ki buɗe naki. Ya ƙura miki ido, ki ƙura masa. Sannan ki ɗan yi shiru ki ba shi dama ya sake tasa. Kamar gaisuwarmu ce ta Kano, ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya. Mutum ɗaya ba ya yin ta shi kaɗai.

A shekarun 1970 wani masanin halayyar yara a Amurka, Edward Tronick, ya gwada wani abu. Yakan sa uwa ta yi wasa da jaririnta ɗan 'yan watanni, can sai ta ɗaure fuska tana kallonsa, ba murmushi ba magana, na kamar minti biyu. Yaron sai ya yi mata murmushi, ya yi ƙara, ya miƙa hannu, yana neman ta dawo. Idan ta ƙi, sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Kin san dai wanda ya yi sallama sau uku ba a amsa ba juyawa yake yi.

Zancen kunya kuwa, ba zan ce ki yar da ita ba. Ni ma na yi kunyar ɗan fari, har yau ban cika kiran sunansa a gaban iyayena ba. Sai dai ki duba gidan da al'adar ta taso. Gida ne cike da mutane, kaka ta ɗauka, goggo ta karɓa, ƙannen miji na rububin goyo, yaro ba ya rasa mai yi masa surutu ko da uwarsa ta kau da kai. Ke kuwa da an yi arba'in za ki koma ɗakinki, mai gida ya fita tun safe sai magariba, daga ke sai shi. Idan kin yi shiru a can, wa zai yi masa magana?

Don haka ki raba abin biyu: kunya a tsakar gida, hira a cikin ɗaki. Ba sai kin kira sunansa ba, laƙabi ya wadatar. Ba kuma sai kin ware lokaci ba. In kina canza masa famfas ki gaya masa abin da kike yi, in kina shafa masa mai ki ambaci hannu da ƙafa, in kina ba shi nono ki ajiye waya ki kalle shi. Siririyar muryar nan mai ja da mata kan yi wa jarirai, wadda ake yi wa dariya, ita suka fi saurara. Ki yi waƙar raino, ki yi karatunki yana ji. Jariri irin naki yana barcin awa 14 zuwa 17 a kwana guda, don haka hirar ta 'yan mintuna ce. In ya kau da fuska, ko ya fara hamma, ko ya banƙare, ya gaji ne, ki ƙyale shi ya huta.

Likita, matar ɗana takan kifa jikata a kan tabarma wai motsa jiki, yarinyar watanta 2. Mu goyo muka sani, kuma na ji an ce kifa yaro na kashe shi. Daga wata kaka a Yakasai.

Hajiya, ke da surukar taki duk kuna da gaskiya, lokaci ne ya raba ku. In barci za ta yi, rigingine za a kwantar da ita, dare ko rana, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi ba tarin bargo kusa da fuskarta. Tun da aka fara wayar da kai kan haka a Ingila da Amurka a farkon shekarun 1990, mutuwar fuju'ar jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a can. To wannan shi ne abin da kika ji, kuma haka yake.

Amma in idonta biyu, kuma akwai babba zaune a gabanta, rub da ciki na da amfani. Yunƙurin da take yi ta ɗaga kai shi ke ƙarfafa wuya da kafaɗu da baya, da su za ta yi juyi da zama da rarrafe. Yana kuma rage baɗewar ƙeya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce a tara wa jariri aƙalla minti 30 a yini, ba a zama ɗaya ba. A fara da minti ɗaya ko biyu, ba da ta gama shan nono ba. In ta ƙi tabarma, ki kishingiɗa ki ɗora ta a ƙirjinki, za ki ga tana ɗago kai don ta ga fuskarki. Da barci ya ɗauke ta a juya ta.

Goyo ban da abin da zan ce da shi sai alheri. Yaro na jin ɗumi, yana jin motsi, yana jin duk hirar da ake yi. Har mu likitoci mun koma gare shi: a 1978, a birnin Bogota na Kolombiya, ƙarancin kwalbar saka bakwaini ya sa aka fara ɗaure jariri a ƙirjin uwarsa fata da fata, yau kuma shi ake koya wa uwar duk jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba. Sai dai goyon da za a wuni ana yi yana hana yaro wutsil-wutsil. Waccan shawarar ta 2019 ta ce kada a ɗaure yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, ta kuma ambaci goyo a ciki. A sauke ta, ta miƙe ƙafa. Zani ya tallafi wuyanta har ya yi ƙwari, wajen wata 4, kada kuma mayafi ya rufe mata fuska. Da sanyin hunturu a bar shiga da ita ɗakin da aka rufe da gawayi a ciki.

Likita, ɗana watansa 3. Wane kayan wasa zan saya masa? Abokina ya ce in nemi keken koyon tafiya tun yanzu, in kuma riƙa kunna masa katun a waya don ya tashi da Turanci. Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari.

Malam, ajiye kuɗinka. Keken nan ba ya sa yaro saurin tafiya, abin da yake yi shi ne kai shi bakin murhu da matakala da ruwan zafi kafin uwarsa ta juyo. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Katun kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ɗan ƙasa da shekara ya kalli allo sam. Waya ba ta san ya yi murmushi ba balle ta mayar masa. Harshe daga bakin mutum ake ɗaukarsa. Ku yi masa Hausa mai kyau. In akwai mai Turanci ko Fulatanci a gidan shi ma ya yi masa nasa, harshe biyu ba ya jinkirta magana.

Kayan wasa suna nan a gidanka. Ludayi, ƙoƙo, ƙyallen atamfa mai manyan zane, wanda na san ba ka rasa shi, da madubin da babba zai riƙe masa. Nan da 'yan satittika zai fara kai hannu, kuma duk abin da ya kama baki zai kai. Saboda haka a kawar da tsabar kuɗi, maɓalli, gyaɗa, leda da ƙaramin batirin agogo, a kuma cire duk wani zare da ke wuyansa.

Akwai wani bincike da nake son ba iyaye labarinsa. A tsakiyar shekarun 1980, a unguwannin talakawa na Kingston a Jamaika, an ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Wasu daga cikinsu, ma'aikatan lafiya sun riƙa zuwa gidajensu sau ɗaya a sati har shekara biyu, suna koya wa uwaye wasa da hira da yaran, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka tarar kuɗin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a yi musu ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Sannan kai kanka. Da ka dawo daga kasuwa ka wanke hannu ka ɗauke shi, minti goma ma wani abu ne. Wasu mazan na ganin hakan zubar da girma ne. Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, ya kuma sumbaci Hasan a gaban mutumin da ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba.

Ƙanin mijina yakan cilla jaririna sama ya cafe, yaron watansa 2. Ina jin nauyin yi masa magana. Daga Kurna.

A hana shi yau, in ba za ki iya ba ki sa yayansa. Kan jariri na da nauyi, wuyansa ba ƙwari, jijjiga mai ƙarfi na iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa da bayan ido, ta bar makanta ko farfaɗiya, ko ta kashe. In kuma ya suɓuce ba a magana. Haka masu wanka da ke riƙe ƙafafu su zazzage yaro kai ƙasa, su bari. Ya yi masa gwalo, ya tafa masa, ya yi masa waƙa, duk wasa ne.

Likita, 'yata satinta 10 ba ta fara murmushi ba, ɗan maƙwabciyata kuwa tun kafin arba'in. Da sati 5 ta riga lokacinta zuwa. Ni ma ban san me ke damuna ba, kuka nake yi ba dalili, ko sha'awar ɗaukarta ba na yi. Daga Ɗorayi.

Sannu 'yar'uwa, kin kyauta da kika faɗa. Murmushin da jariri ke mayar wa mutum yakan fara ne tsakanin sati 6 zuwa 8. Amma wanda ya zo da wuri ana cire masa satittikan da ya rage: 10 a ɗebe 5, 'yarki a lissafinmu satinta 5 ne, lokacinta bai wuce ba. Abin da nake so ki lura da shi: tana firgita in an buga ƙofa? Tana tsayar da ido a fuskarki? Hannuwa da ƙafafu duka suna motsi? In ɗaya babu, ko ta yi shawara mai tsanani bayan haihuwa, a duba ji da ganinta. Akwai sashen yara da na kunne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Zazzaɓi, ƙin nono, jijjiga ko numfashi da sauri a wannan shekarun kuwa ba a kwana da su a gida.

Ke ce kika fi damuna. 'Yar damuwa da hawaye a kwanakin farko abu ne da aka saba, yakan wuce cikin sati biyu. Wanda ya kai sati 10 ciwon damuwar bayan haihuwa muke zargi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata 13 cikin 100 na samun irin wannan matsala bayan haihuwa, a ƙasashe irin namu kuma kusan 20. Ba raunin imani ba ne, ba rashin godiyar Allah ba ne, ba kuma ƙin 'yarki kike yi ba. Ciwo ne, yana da magani, akwai ma magungunan da mai shayarwa ke sha.

Satin nan ne allurar rigakafinta ta sati 10. In kin je, kada ki tsaya a allura kawai, ki gaya wa ma'aikaciyar abin da kika gaya mini, ki ce kina son ganin likita. Ki nuna wa mai gida wannan amsar, a samo wadda za ta zauna da ke, ta ɗauki yarinyar ta yi mata surutu ke kuma ki samu barci. In har zuciyarki ta taɓa raya miki ki cutar da kanki ko ita, kada ki jira ranar allura, a kai ki asibiti yau. Ki sake rubuto mini bayan allurar sati 14, ina so in ji yadda ku biyun kuke.