Yaya, Ga Bayanin Ƙaramar Bindigar Da Ka Tambaya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Sau uku na saurari saƙon muryarka kafin na zauna rubuta wannan. Ka ce kun ji labari wai a Amurka kowa da bindigarsa a ƙugu, kana so ka san ko ni ma ina da ita, wace iri ce, kuma ta yaya mutum yake zaɓa. Na san abin da ya kawo tambayar. Wanda yake bin hanyar Gusau zuwa Funtua da addu'a a bakinsa dole maganar kare kai ta tsaya masa a rai.

E, ina da ita, kuma ina fita da ita. Amma wanda ya ce maka kowa yana ɗauka ya ƙara gishiri. A cikin mutanenmu na nan Houston, waɗanda nake zama da su bayan sallar Juma'a, waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba sun fi yawa nesa ba kusa ba. Masu ɗauka kusan duk ma'aikatan dare ne: mai tsaron kantin gidan mai, mai tuƙa haya, mai rufe shago shi kaɗai ƙarfe 2 na dare. Ni ma a kanti na koya. Wani dare yaro ɗan shekara kamar 19 ya shigo ya ɗora mini bakin bindiga a ƙirji, hannunsa yana rawa fiye da nawa. Na buɗe masa akwatin kuɗi ya kwashe ya fita. Har yau, ko da tawa tana jikina, abin da zan yi ke nan, domin kuɗin kanti bai kai ran kowa ba. Abin da ya hana ni barci daga baya shi ne tunanin ranar da za a karɓi kuɗin kuma a ƙi fita.

Haƙƙin riƙe makami yana cikin kundin tsarin mulkinsu tun 1791, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa haƙƙin ya haɗa da fita da ita waje. Sai dai kowace jiha da tata ƙa'idar. A nan Texas, tun 1 ga Satumba 2021, mai shekara 21 da ba shi da laifin da ya hana shi yana iya ɗauka ba tare da lasisi ba. 'Yan'uwanmu na Bronx a New York kuwa sai sun yi awa 16 a aji da awa 2 a filin harbi, kuma lasisina na Texas ba ya aiki a can. Wanda ya manta da wannan ya tuƙa mota ya shiga New York da ita a ƙugu, ya sayi ɗauri da kuɗinsa. Wajen saye a kanti mai rajista za ka cike takarda, a binciki sunanka a kwamfutar FBI. Ɗan ƙasa da mai takardar zama ta dindindin suna iya saye. Wanda ya zo karatu ko ziyara, a mafi yawan hali, an hana shi. Kuma mai takardar zama da aka kama da laifin bindiga ana iya tasa ƙeyarsa zuwa gida, shi ya sa manyanmu suke ja wa sababbin zuwa kunne tun kafin su tambayi farashi.

Duk da an ɗage wajabcin lasisi, al'adarmu a nan ita ce ka je ka yi shi. Dala 40 ne kuɗin gwamnati, darasi awa 4 zuwa 6, sannan gwajin harbi da harsashi 50 daga yadi 3 da 7 da 15. A ajin ne ake karanta maka inda aka hana shiga da ita da lokacin da doka ta yarda ka zaro ta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ban ga inda karin maganar nan ya fi zama daidai ba kamar a nan.

Yanzu maganar zaɓe. Kuskuren da na yi shi ne wanda kusan kowa yake yi: na ɗauka mafi ƙanƙanta ita ce mafi sauƙi. Na sayi wata 'yar mitsitsiya mai cin ƙaramin harsashin da ake kira .380, wadda ba ta kai nauyin wayar hannu biyu ba. A aljihu kam ba ka ma jin ta. Da na je filin harbi sai na ga mariƙinta yatsu biyu kawai yake ɗauka, ƙaramin yatsana yana reto a iska. Duk harbi sai ta yi tsalle ta doki tsakanin babban yatsa da manuni, kafin in gama kwali ɗaya wurin ya yi ja. Dalilin a fili yake: ƙarfin albarushi ɗaya ne, in ƙarfen ba shi da nauyin da zai shanye shurin, hannunka ne zai shanye. Da abin ya dame ni sai na rage zuwa atisaye, kuma bindigar da mai ita ba ya atisaye da ita hatsari ce ga wanda yake tsaye kusa da ɓarawon. Bayan wata takwas na sayar da ita ta hannun dillali mai rajista.

Waɗanda za ka fi gani a hannun mutanenmu masu cin harsashin milimita 9 ne, saboda shi ya fi araha kuma ko'ina ana samunsa. Glock 19, ƙirar ƙasar Ostiriya, tana cin harsashi 15, tana cika hannu, harbi da ita da daɗi, amma tana da kauri, ga siririn mutum kamata sai ta yi tudu a ƙarƙashin riga. SIG Sauer P365 da ta fito a 2018 ita ta canza kasuwa, don an samu an cusa harsashi 10 a jikin da a da 6 ko 7 yake ɗauka. Akwai Glock 43X, ita ma 10, mai ɗan tsawon mariƙi, akwai kuma Shield ta kamfanin Smith & Wesson. Wani dattijo da muke sallah tare, wanda amosanin gaɓoɓi ya hana shi jan saman irin waɗannan, libarba yake ɗauka mai cin 5, don ba ta da abin ja sai kunama. Farashin yawancinsu tsakanin dala 500 ne zuwa 600. Ba na gaya wa kowa sunan wadda zai saya. Filayen harbi a nan suna ba da haya, don haka nakan kai mutum ya gwada uku ko huɗu. Wadda yatsunsa duka suka zauna a mariƙinta, manuninsa ya kai kunama ba tare da ya murɗa hannu ba, kuma harbinsa ya taru wuri ɗaya a takarda, ita ce tasa. Tawa 43X ce, saboda tsawon yatsuna.

Abin da mai kanti ba zai faɗa maka ba shi ne maganar tufafinmu. Bindiga tana zama ne a cikin kube mai tauri wanda ya rufe kunamar gaba ɗaya, kuben kuma yana maƙale da bel mai ƙwari. Wandonmu na kaftani tazuge gare shi. Ka rataya masa rabin kilo na ƙarfe, kafin ka kai mota ya karkace. Na san wanda ya kai wa tela ya ɗinka masa madaukan bel a wandon shadda, wasu kuma suna ɗaura ɗamarar roba mai aljihu a ciki. Doguwar riga tana ɓoyewa da kyau, amma tsagar gefe tana tona asiri, musamman a ruku'u da sujada, ga na bayanka a sahu yana kallo. Jefa ta a aljihu tsirara tare da makulli da carbi kuwa, wannan ko da wasa ba ma yarda da shi.

Masallaci shi ne inda muka fi yin gardama. Bayan kisan mutum 51 a masallatai biyu na Christchurch, a ƙasar New Zealand, a Maris 2019, tsoro ya shiga kowa. A ƙarshen shekarar nan kuma, a wani coci kusa da Fort Worth a nan Texas, ɗan sa-kai mai tsaro ya harbe wanda ya buɗe wuta cikin 'yan daƙiƙoƙi. Masu goyon bayan shiga masallaci da bindiga suna kafa hujja da wannan. Masu ƙi suna cewa sahu cike yake da yara da tsofaffi, harsashi kuma ba ya tambayar suna. A dokar Texas wurin ibada yana da ikon ya hana, ta hanyar kafa allon sanarwa a ƙofa, kuma in ya hana dole ka bi. A inda nake sallah an tsaya a kan mutane ƙalilan da kwamiti ya sani, saura su bar tasu a kulle. Limaminmu ya karanto hadisin da ya hana nuna ɗan'uwa da makami, da wanda ya ce mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu. Ni na gamsu da wannan tsarin, kuma tawa a akwatin ƙarfe na mota take zama har a idar.

Akwai nauyin da yake kanmu mu baƙaƙen fata wanda dole in faɗa maka. Amadou Diallo, ɗan Gini, 'yan sanda sun harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansa a Bronx a 1999, alhali walat ce a hannunsa. Philando Castile yana da lasisi, ya faɗa wa ɗan sanda da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga, aka harbe shi a cikin mota a Minnesota a 2016. Don haka in an tsayar da ni, nakan kunna fitilar cikin mota, in ɗora hannu biyu a sitiyari, in faɗi inda take, ba na motsi sai an ce in motsa. Kuma tun da na fara ɗauka na daina mayar da zagi a kan titi. Wanda ya sha gabana ya wuce, wanda ya ɗaga murya in ba shi haƙuri ko da shi ne da laifi, domin duk faɗan da na shiga akwai bindiga a cikinsa.

Gida ya fi ba ni tsoro fiye da titi. A 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a ƙasar nan, kuma fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu. Uwar yara ba ta amince ba sai da na sayi akwatin da ke buɗewa da lamba na ɗaure shi da kusoshi a cikin kabad. Ina shigowa, kafin yara su rungume ni, can nake fara zuwa. Na taɓa karɓar ta wani ɗan'uwa na ajiye masa wata uku lokacin da aikinsa ya tafi kuma gidansa ya rikice, shi da kansa ya roƙe ni.

Game da abin da ka ɗan taɓo a ƙarshen saƙonka, Yaya, ka yi haƙuri, ba zan iya aiko maka da bindiga ba. Laifi ne babba a nan da can. A dokar makamai ta Najeriya, ƙaramar bindiga tana cikin haramtattu, lasisinta sai daga shugaban ƙasa, kuma ka tuna a 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga, babban hafsan tsaro ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ban da haka ma, an ƙera ta ne don mutum ɗaya ko biyu a tazarar ɗaki guda. Ba za ta tsare maka komai ba a gaban babura 30 masu AK-47, sai dai ta sa a fara da kai. Kuɗin da zan saye ta da shi na tura maka jiya, ka gyara ƙofar zaure ka sa fitilar sola, abin da ya rage ka bai wa Inna. Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata jikokinta sun kai izu biyar.