Hukuncin Kwafin Halitta a Dabbobi da Mutane

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce masana na samar da dabba daga jikin wata ba tare da barbara ba. Shin wannan ja da Allah ne? Kuma ya halatta a yi wa mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da Larabawa ke kira istinsakhi ba halitta ba ce, domin mai yin sa bai samar da komai daga babu ba. Tunkiyar nan Doli, wadda aka haifa a Cibiyar Roslin ta Sikotland a 1996, ƙwan wata tunkiya aka ɗauko aka cire cibiyarsa, wato ɓangaren da ke ɗauke da siffofin da ake gada, aka cusa masa cibiyar ƙwayar halitta daga hantsar wata tunkiyar, sannan aka dasa shi a mahaifar ta uku. Ƙwan na Allah ne, mahaifar ma tasa ce. Manomin da ya yanki karan rogo ya binne, ya tsiro irin uwarsa sak, ba wanda ke ce masa mahalicci.

Saboda haka ya halatta a tsirrai da dabbobi idan akwai maslaha, kamar inganta iri ko samar da magani, matuƙar ba a azabtar da dabba a banza ba.

A kan mutum kuwa haramun ne, kuma haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Jidda a 1997. Allah ya ce a Suratul Furƙan, aya ta 54, ya halicci mutum daga ruwa, ya sanya shi dangantaka da surukuta. To, yarinyar da aka kwafo daga jikin mace ɗaya, 'yarta ce ko tagwaiyarta? Wa zai zama waliyyinta ranar ɗaurin aure, kuma da wane suna za ta shiga rabon gado? Kare nasaba na cikin manyan manufofin shari'a, wannan aiki kuwa tushenta yake tumɓukewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɓarnar da ke cikinsa: sai da aka gwada ƙwai 277 kafin a samu Doli ɗaya. Ba ya halatta a yi irin wannan gwaji da 'ya'yan Adam, ko da ma'aurata ne da suka daɗe suna neman haihuwa.

Wallahu a'alam.